Babi na Shida: Mutanen 19 ga Mayu

Duk shekara idan 19 ga watan Mayu ta zagayo, masu bibiyar tarihin gwagwarmayar baƙar fata a Amurka sukan jero wasu sunaye huɗu wuri guda. Akwai Malcolm X, wanda aka haifa a Omaha ta jihar Nebraska a 1925. Akwai Lorraine Hansberry, marubuciyar wasan kwaikwayo 'yar Chicago, haihuwar 1930. Akwai Yuri Kochiyama, 'yar asalin Japan da aka haifa a Kalifoniya a 1921, sai kuma Ho Chi Minh na Biyetnam, wanda hukumar ƙasarsa ta ce a 1890 ya zo duniya. Turkawa su ma a wannan rana suke tunawa da haihuwar Mustafa Kemal Atatürk. Wanda ya ga jerin nan karon farko dole ya yi jim, ya ce anya babu wani sirri a ranar? A ƙarshen shekarun 1970 har wata ƙungiyar 'yan gurguzu masu ɗauke da makamai a Amurka ta raɗa wa kanta sunan ranar don girmama Malcolm da Ho, kuma mutanenta ne suka tayar da bam a ginin majalisar dattawan ƙasar a Nuwamba 1983. Ni a ganina ranar ba ta da hannu a abin da mutanen nan suka zama. Biyu daga cikinsu ba ranar ce ta zo musu ba, su ne suka je mata. Sauran kuwa tsinto su aka yi daga cikin miliyoyi. Abin da ya haɗa su da gaske yana nan a fili, ana iya bin sawunsa da shekara da gari da sunan jarida.

Lissafin ba shi da wuya. Kwanakin shekara 365 ne, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8 tun 2022, don haka kowace rana tana da masu ita kimanin miliyan 22 a raye, ban da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Masana lissafi sun daɗe da nuna cewa idan mutum 23 kacal suka taru a ɗaki ɗaya, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa guda ta ɗan haura rabi. Wanda ke neman 'yan gwagwarmaya huɗu a kowace rana ta kalanda zai same su idan ya yi haƙurin bincike. Ita kanta 19 ga Mayu ta haifi Nancy Astor a 1879, attajirar da ta zama mace ta farko da ta zauna a majalisar wakilan Ingila a 1919 ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau. Ta haifi Jim Lehrer a 1934, ɗan jaridar talabijin mai sanyin hali wanda ya jagoranci muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka har sau 12. Ta haifi Andrea Pirlo, ɗan ƙwallon Italiya, a 1979. Ba a sa su a jerin saboda za su ɓata labarin.

Batun Atatürk shi ne mafi sauƙin warwarewa, domin shi bai ɓoye ba. An haife shi a Salonika, birnin da yau yake cikin Girka, wajen 1881, a zamanin da takardun Daular Usmaniyya ba su cika damuwa da rana da wata ba. Ranar 19 ga Mayu ta shiga rayuwarsa ne yana da kusan shekara 38, a 1919, lokacin da ya sauka daga jirgin ruwa mai suna Bandirma a tashar Samsun da ke gaɓar Baƙin Teku. Daga nan ya fara haɗa kan mayaƙan Anatoliya don korar sojojin ƙasashen da suka mamaye ƙasar bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Doguwar huɗubar da ya yi wa jam'iyyarsa a 1927, wadda ta ci sa'o'i 36 cikin kwana shida, da labarin saukarsa Samsun ta fara. A 1936, shekarar da Sarki Edward na Takwas na Ingila ya ziyarce shi a Istanbul, Ingilawa suka nemi sanin ranar haihuwarsa, aka ba su amsa da 19 ga Mayu 1881. Wato mutumin da ya rushe halifanci a 1924, ya mayar da ƙasarsa kan kalandar Turawa a 1926, ya sauya mata haruffan rubutu a 1928, shi ne ya yanke cewa ranar da aikinsa ya fara ita ce ranar da shi ma ya fara. Wanda ya iya sauya wa ƙasa guda kalanda ba zai rasa ƙarfin halin zaɓar wa kansa rana ɗaya a cikinta ba.

Na Ho Chi Minh ya fi duhu, domin shi mutum ne da ya rayu da sunaye da dama da takardun bogi, yana wasan ɓuya da 'yan sandan Faransa shekara talatin. A wasiƙar da ya rubuta a 1911 yana neman gurbi a makarantar horar da ma'aikatan mulkin mallaka a Faransa, 1892 ya rubuta a matsayin shekarar haihuwarsa. Wasu takardun na baya sun ce 1894, wasu 1895. Sai a 1946 jama'ar Hanoi suka fara jin cewa 19 ga Mayu ce ranar haihuwar shugabansu. Masana tarihi sun lura da abubuwa biyu. Na farko, 19 ga Mayu 1941 ita ce ranar da ake ƙirga kafuwar Viet Minh, ƙawancen da ya yi yaƙin neman 'yanci. Na biyu, a daidai kwanakin nan na 1946 babban wakilin Faransa, Admiral d'Argenlieu, ya shigo Hanoi, kuma akwai masu ganin an sanar da bikin ne domin tutocin da za su cika gari su zama na Ho, kada baƙon ya ɗauka shi ake yi wa maraba. Ko wanne ne daidai, siyasa ce ta fito da ranar fili.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ƙarya ce kawai, kuma maƙaryaci bai cancanci a tsaya ana yi masa fashin baƙi ba. Ban yarda gaba ɗaya ba. Riƙe rana da wata da shekarar haihuwa al'ada ce ta hukuma mai rajista, kuma sabuwa ce a yawancin duniya. Kakanninmu a ƙasar Hausa ranar mako suka riƙe, suka sa ta a suna, shi ya sa muke da Ladi da Talatu da Balarabe da Jummai da Asabe. Shekara kuwa da abin da ya faru ake gane ta, a ce an haifi wane shekarar fara, ko shekarar zuwan Sarauniya. Da hukuma ta zo da fom mai gurbi uku, sai ɗaya ga Janairu ta cika katunan shaida. Wanda aka tilasta wa cike gurbin da iyayensa ba su san da shi ba, bai yi laifi ba don ya zaɓa. Inda gizo ke saƙa shi ne bambancin da ke tsakanin talakan da ya zaɓi rana don ya sami kati da shugaban da ya zaɓi rana don ƙasa ta riƙa hutu a cikinta. Na biyun yana ɗaure tarihin al'umma ne a jikinsa, ta yadda duk mai murnar 'yanci sai ya yi murnar haihuwarsa.

Amurkawan nan uku kuwa ranarsu ta gaskiya ce, kuma rayuwarsu ta haɗu da gaske, amma ba kalanda ce ta haɗa su ba, unguwar Harlem ta birnin New York ce. Lorraine Hansberry tana ƙarama mahaifinta Carl Hansberry ya sayi gida a wata unguwar Chicago da mazaunanta fararen fata suka yi yarjejeniyar ba za a sayar wa baƙi ba. Gungun mutane suka kewaye gidan, aka jefo ƙaton dutsen siminti ta taga, saura ƙiris ya same ta, mahaifiyarta ta riƙa kwana tana zagaya ɗakuna da bindiga a hannu. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 1940 ta bar musu gidan bisa wata hujja ta ƙa'idar shari'a, ba tare da ta haramta irin waccan yarjejeniya ba. Uban ya rasu a Meziko a 1946 yana shirin ƙaura da iyalinsa daga ƙasar da ya fid da rai da ita. Baffanta William Leo Hansberry malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin ɗalibansa. Da wannan gado ta isa New York, a 1951 ta kama aiki a jaridar Freedom ta Paul Robeson, inda ta riƙa rubutu kan Masar da Kenya da Gana tun ba su gama fita daga hannun Ingila ba. A 1952 ita ta wakilci Robeson a wani taron zaman lafiya a Montevideo, saboda gwamnati ta ƙwace fasfonsa. Wasanta A Raisin in the Sun, da aka fara nunawa a Maris 1959, shi ne na farko da baƙar mace ta rubuta da ya hau dandalin Broadway, kuma a cikinsa akwai ɗalibi ɗan Najeriya mai suna Joseph Asagai wanda ke maganar 'yancin kai shekara guda kafin a same shi. Wanda bai san ta yi aikin jarida ba zai ɗauka ilhama ce. Aikin teburin labarai ne na shekaru.

Malcolm shi ma a gidan jarida ya tashi, ko da yake ba a cika faɗa ba. Iyayensa mabiya Marcus Garvey ne, mahaifiyarsa Louise Little, 'yar tsibirin Grenada, tana aika rahotanni ga jaridar ƙungiyar Garvey, Negro World. Uban ya mutu a ƙarƙashin taragon lantarki a Lansing a 1931, iyalin suka yi imani kashe shi aka yi, uwar ta ƙare a asibitin masu taɓin hankali, 'ya'yan suka watse. Bayan zaman kurkuku daga 1946 zuwa 1952 ya fito ya zama bakin ƙungiyar Nation of Islam, ya riƙa rubuta shafi a jaridun baƙar fata na New York da Los Angeles, a 1960 kuma ya kafa jaridar Muhammad Speaks, yana haɗa ta a ɗakin ƙasa na gidansa. Da ya rabu da ƙungiyar a Maris 1964, ya yi aikin Hajji a Afrilu, ya rungumi Musuluncin Sunna, ya biyo ta Najeriya inda ɗaliban Jami'ar Ibadan suka raɗa masa suna Omowale, ya wuce Gana, ranar da ya cika shekara 39 kuwa a Aljas ta same shi, babban birnin Aljeriya, ƙasar da ba ta cika shekara biyu da korar Faransa ba. Jaridar da ya kafa da hannunsa ita ta juya masa baya. Ta buga zanen kansa a yanke, a Disamba 1964 kuma ta buga sharhin da ya ce irinsa ya cancanci mutuwa. Hansberry ta rasu da ciwon daji ranar 12 ga Janairu 1965 tana da shekara 34, Malcolm ya halarci jana'izarta a Harlem. Kwana arba'in cif bayan rasuwarta, ranar 21 ga Fabrairu, aka harbe shi a zauren Audubon. Ga wani dacen kuma mai jan hankalin mai neman alamu, amma shi ma dace ne kawai.

A hoton da mujallar Life ta buga na wannan rana ana ganin wata mata mai tabarau ta durƙusa tana tallafe da kansa. Ita ce Yuri Kochiyama. Ranar da Japan ta kai hari Pearl Harbor, 7 ga Disamba 1941, jami'an FBI suka tafi da mahaifinta, ɗan kasuwar kifi da bai daɗe da fitowa daga tiyata ba. Ya mutu kwana ɗaya bayan sun sako shi. Ita da sauran iyalin suna cikin mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan da aka tsare a sansanoni, su aka kai Jerome ta jihar Arkansas. A 1960 ta koma Harlem da mijinta da 'ya'ya shida, a Oktoba 1963 ta gaisa da Malcolm a harabar wata kotu a Brooklyn inda ake shari'ar masu zanga-zangar neman a ɗauki baƙi aikin gini, a Yuni 1964 kuma ya zo gidanta don ganawa da waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki. Sansanin Arkansas ne ya kai ta zauren Audubon. Da an haife ta ranar 3 ga Agusta, da can za ta kasance.

Ho da Malcolm ba su taɓa haɗuwa ba, amma zaren da ke tsakaninsu ba na ƙage ba ne. Ho ya bar Saigon a 1911 yana yaron kuku a jirgin ruwan Faransa, ya ga tashoshin Afirka, ya taka Amurka, kuma shi da bakinsa ya ce ya halarci tarukan Garvey a Harlem, wato ƙungiyar da iyayen Malcolm suka yi wa hidima. A 1919 ya miƙa takardar koke ga taron sulhu na Versailles, ba wanda ya kula shi. A 1922 shi da wasu 'yan Aljeriya da Madagaska da tsibiran Karibiyan suka fara buga jaridar Le Paria a Paris, a 1924 ya yi rubutu kan yadda ake rataye baƙar fata a kudancin Amurka, a Yuni 1925, Malcolm yana jariri ɗan wata guda, ya fito da jaridar Thanh Nien a Canton. Shekaru bayan haka Malcolm ya riƙa kawo faɗuwar Faransa a Dien Bien Phu ta 1954 a jawabansa a matsayin hujjar cewa mai mulkin mallaka yana kayuwa. Shi ma Atatürk ya yi harkar jarida: Minber a 1918, Hakimiyet-i Milliye a Ankara a Janairu 1920, kamfanin dillancin labarai na Anadolu a Afrilun shekarar. Zamani ɗaya ne ya dafa su, zamanin da daulolin Turai ke tsagewa, injin buga takarda ya yi araha, jirgin ruwa ke ɗaukar matuƙa masu ɓoye jarida a cikin kaya.

Akwai wanda zai ce wannan bayani ya manta da ƙaddara, tunda babu abin da ke faruwa sai da nufin Allah, har da haihuwar mutum biyar a rana guda. Haka ne, kuma ba a jayayya da shi. Amma imani da ƙaddara daban, cewa rana ko tauraro na zuba wa jariri hali daban. Na biyun shi ne sana'ar masu duba, wanda malamai suka daɗe suna gargaɗi a kai. Mumini ya yarda an rubuta ranar haihuwar Malcolm kamar yadda aka rubuta ranar haihuwar sauran miliyoyin da ba wanda ya san sunansu. Rubutuwar ba ta ba shi lasisin karanta ma'ana a inda ba a bayyana masa ba.

Babbar illar irin wannan jeri ita ce abin da yake rufewa. Littattafai da dama sun ba da 19 ga Mayu 1925 a matsayin ranar haihuwar Pol Pot na Kambodiya, rana ɗaya shekara ɗaya da Malcolm, ko da yake marubuta tarihinsa sun saɓa a kai. A ƙarƙashin mulkinsa, daga 1975 zuwa 1979, mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suka halaka. Masu bikin ranar ba sa kiran sunansa, alhali in da rana ce ke yin mutum, nasu ne. Ranar da Turkiyya ke hutun matasa da wasanni, ita majalisar Girka ta ayyana a 1994 a matsayin ranar makokin kisan Girkawan yankin Pontus, saboda a wurinsu saukar Samsun mafarin wani sabon bala'i ce. Su kuma 'yan jaridar nan biyu da suka hau mulki, me suka yi wa jarida? A Maris 1925, bayan tawayen Shehu Sa'id, gwamnatin Atatürk ta kafa dokar tabbatar da oda, ta rufe jaridun adawa, ta gurfanar da editoci gaban kotunan musamman. A ƙarshen 1956 gwamnatin Ho ta rufe Nhan Van da Giai Pham, mujallun marubutan da suka nemi a sassauta, a shekarar da ita kanta ta amsa cewa an tafka kurakurai a rabon gonakin da ya ci rayukan dubbai. Ita ma Kochiyama, wadda ta yi fafutukar da ta kai ga dokar 1988 ta biyan diyyar dala 20,000 ga kowane wanda ya tsira daga sansanonin, ta yaba wa Osama bin Laden a wata hira a 2003, kuma da Google ya sa hotonta a shafinsa na farko ranar 19 ga Mayu 2016 sai maganar ta taso ta zama rigima. Kama da wane ba ta wane. Sa su a layi ɗaya yana sa mutuncin wanda aka kashe yana kan mumbari ya lulluɓe wanda ya rufe bakin wasu yana kan karaga.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren masu jerin ita ce ta malaman makaranta: yaron da ya zo neman Malcolm zai tafi da sunan Hansberry da Kochiyama, waɗanda da ba zai taɓa ji ba. Na karɓi wannan, domin ni ma da ranar na buɗe babin nan. Birnin Berkeley na Kalifoniya ya mayar da ita ranar hutu tun 1979, kuma ba na shakkar an karanta littattafai masu yawa sanadiyyar haka. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa tambayar wa ya sa ranar a kalanda, kuma me yake so da ita. Gwamnatin Hanoi ta nuna dalilin wannan tambaya a ƙarshen rayuwar shugabanta. Ho Chi Minh ya rasu da safiyar 2 ga Satumba 1969, daidai ranar da ƙasar ke cika shekara 24 da shelar 'yancin kai da shi ya karanta a dandalin Ba Dinh. Shugabannin jam'iyya ba su so makoki ya hau kan biki ba, sai suka sanar cewa ranar 3 ga wata ya cika. A wasiyyarsa ya nemi a ƙona gawarsa a raba tokar tsakanin arewa da tsakiya da kudancin ƙasar, suka cire wannan sashe daga abin da suka buga, suka shafe gawar da magani, suka gina mata hubbare a dandalin, aka buɗe shi a 1975. Sai a 1989 jam'iyyar ta fito ta faɗi ainihin ranar, ta kuma bayyana abin da ta yanke daga wasiyyar.